Gizakar da ta Harbi 'Yata: Tsakanin Kare Kai da Ramuwar Gayya



Da yammacin wata Asabar a cikin watan Oktoba, bayan la'asar, ina zaune a barandar bayan gidanmu da ke wajen birnin Houston ina gyara ƙafar wata kujera, sai na ji 'yata mai shekara biyar ta ƙwalla wata irin ƙara wadda ban taɓa jin ta yi ba. Kowane uba ya san kukan shagwaɓa, ya san na tuntuɓe, ya san na neman a kula da mutum. Wannan daban yake. Na iske ta tsaye kusa da lilo, ta riƙe damtsenta na hagu tana cewa, "Abba, wuta! Wuta!" Na duba ban ga wuta ba, ban ga maciji ba, ban ga rina ba. Abin da na gani kawai shi ne wani ɗan curin gashi mai launin ƙasa-ƙasa, wanda bai wuce tsawon gaɓar babban yatsa ba, ya faɗo daga reshe yana kwance a kan ciyawa kamar audugar da iska ta kwaso.

Kafin a yi minti goma, wurin ya yi ja, ƙananan ɗigo sun fito a jere kamar an buga mata hatimi, zafin kuma ya haura har hammata. Muka kira layin ba da shawara kan guba, wanda a nan Amurka lambarsa ɗaya ce a kowace jiha, 1-800-222-1222. Aka ce mu manna salatif a wurin mu ɓare, mu maimaita da sabo har sai mun zare ƙayoyin da suka maƙale a fata, mu wanke da ruwa da sabulu, mu ɗora ƙanƙara, mu kuma sa ido: idan numfashi ya yi wuya ko fuska ta kumbura, sai asibiti ba tare da jinkiri ba. Alhamdu lillahi bai kai ga haka ba. Amma yarinyar ta yi kuka har ta gaji, ta yi barci a jikin mahaifiyarta tana ajiyar zuciya.

A daren nan na tafi kanti na sayo babbar kwalbar maganin ƙwari da famfon feshi. Niyyata ita ce gari na wayewa in feshe lambun nan kaf, daga katanga zuwa katanga, kada in bar ko abu ɗaya mai motsi. Wannan rubutu bayani ne na dalilin da ya sa kwalbar take ajiye a garejinmu har yau ba a buɗe ta ba, da kuma tambayar da ta hana ni barci a daren: idan wata halitta ta cuce ka, me ka samu ikon yi mata, kuma ina iyakar ikon?

Ya kamata in fara da faɗin yadda lambun ya samu, domin a nan laifina yake, idan akwai laifi. Shekara uku da suka wuce na cire rabin ciyawar ado da muka tarar a gidan, na shuka itatuwa da furannin da asalinsu na wannan yanki ne. Irin wannan lambu ya yaɗu a Amurka, kuma manufarsa ita ce bayan gida ya zama mafaka ga tsuntsaye da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Abin da ya ja hankalina gare shi lissafi ne. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa Arewacin Amurka ta rasa tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970. Masanin ƙwari Douglas Tallamy na Jami'ar Delaware ya bayyana cewa wasu 'yan ƙananan tsuntsaye da ake kira chickadee, waɗanda ba su kai girman gwara ba, suna buƙatar tsutsotsi 6,000 zuwa 9,000 kafin su yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya. Ke nan wanda yake son kukan tsuntsu da asuba, sai ya yarda tsutsa ta ci ganyensa.

Na yarda, na kuma yi alfahari da yardata. Na shuka wani tsiro ɗan uwan tumfafiya, wanda shi kaɗai tsutsar malam-buɗe-littafin nan mai suna monarch take ci, wato mai fukafukai ruwan lemo da baƙi, wanda ke ratsa Texas duk kaka a kan hanyarsa ta zuwa duwatsun tsakiyar Meksiko. Ni da 'yata mukan durƙusa mu ƙirga tsutsotsinsa masu zanen fari da baƙi da rawaya. Na koya mata cewa tsutsa ba abin ƙyama ba ce. Na sa ta saba da taɓa ganye, da ɗaga reshe ta leƙa ƙarƙashinsa. Abin da ban koya mata ba, domin ni ma ban sani ba, shi ne cewa gayyatar da na aika ba ta da jerin sunaye. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni na sayi rariyar, sannan na tsaya ina mamakin jiƙewar ƙafata.

Bayan kowa ya kwanta na zauna na karanta game da abin da ya harbe ta. A gida mukan kira tsutsa mai gashi gizaka, kuma duk wanda ya yi yarinta kusa da gona ya san ƙaiƙayin da takan bari a wuya ko a hannu. Ta nan ta wuce ƙaiƙayi nesa. Mutanen Texas suna kiranta asp, sunan wani maciji, masana kuma suna ce mata Megalopyge opercularis, kuma tana cikin mafiya dafi a tsutsotsin Amurka. Gashin nan mai laushi da ke sa yaro sha'awar shafa ta lulluɓi ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai ƙayoyi masu rami a ciki, kowace da dafinta, kuma da zarar an danna su sai su karye a cikin fata. Takan yawaita sau biyu a shekara, a farkon lokacin zafi da kuma kaka, tana cin ganyen oak da elm da wani ɗan itace mai jajayen 'ya'ya da ake kira yaupon, wanda ni da hannuna na shuka shi taku uku daga lilon yara. Ba sabuwar annoba ba ce a jihar: an taɓa rufe makarantu na ɗan lokaci saboda ita a San Antonio a 1923, da Galveston a 1951. A 2023 masu bincike na Jami'ar Queensland a Ostareliya suka gano cewa dafin nata yana huda ƙwayoyin halittar jiki ne, kuma asalin tsarinsa daga bakteriya ya shigo cikin kakanninta fiye da shekara miliyan 400 da suka shuɗe. Idan ta gama girma sai ta saƙa kwanso ta shige, ta fito da fukafukai, 'yar malam-buɗe-littafin dare mai gashi ruwan zuma, wadda ba ta harbin kowa.

Abu guda a cikin karatun ya tsaya mini a rai. Mukan ce ta yi harbi, amma a haƙiƙa ba ta da hanyar kai hari. Kunama takan ɗaga ƙari ta nufi mutum, sauro yakan bi ɗumin jiki da numfashi har cikin ɗaki. Ita kuwa wannan ba ta bin kowa, ba ta tsalle, tafiyarta ma da ƙyar ido yake ganewa. Ƙayarta katanga ce da aka yi mata don kada a haɗiye ta. 'Yata ce ta jingina da reshen, nauyin damtsenta ne ya karya ƙayoyin. Wannan bai rage wa yarinya zafi ko kaɗan ba, amma ya sauya sunan abin da ya faru. An samu cuta, babu shakka. Sai dai na nemi mai laifi na rasa.

A nan na fara ganin cewa fushina ya cakuɗa abubuwa biyu waɗanda aikina na kullum shi ne raba su. Ni injiniya ne a fannin kiyaye haɗari a masana'antar sinadarai, a kan haka na yi digirina na biyu a ƙasar nan. Darasin farko da ake koya mana shi ne bambanci tsakanin abu mai iya cutarwa da yiwuwar ya cutar. Tankin da ke cike da sinadari mai ƙuna abu ne mai iya cutarwa ko yana ina, amma yiwuwar ya cutar da mutum ta danganta da inda aka ajiye shi, da wanda ke wucewa kusa da shi, da abin da wannan mutum ya sani. Gaskiya ne cewa a tsarinmu matakin da ya fi kowane ƙarfi shi ne kawar da abin baki ɗaya, sai musanya shi, sai shinge, sai horo da gargaɗi, sai kayan kariya. A wannan dare na so in fake da wannan ƙa'ida, in ce feshi shi ne kawarwa. Amma akwai wata ƙa'idar da ba a tsallake ta a masana'anta: kafin a sauya komai, ko da bututu ɗaya ne, sai an zauna an tambaya, me wannan sauyi zai haifar wanda babu shi a da? Haɗurra da yawa a tarihin aikinmu sun samo asali ne daga gyaran gaggawa da aka yi da kyakkyawar niyya.

Sai na yi wa feshina wannan tambaya, amsar kuwa tana nan cikin garinmu. A harabar babbar cibiyar asibitocin Houston an lulluɓe wasu itatuwan oak da raga don hana tsuntsaye sauka suna ɓata hanyoyi da kashi. Manufa ce mai kyau, domin wurin marasa lafiya ne. Masu bincike na Jami'ar Rice suka ƙirga wannan gizaka a kan itatuwan da aka lulluɓe da waɗanda aka bari, suka wallafa sakamakon a 2019: a kan masu raga yawanta ya ƙaru da kashi 7,300 cikin ɗari, wato ninki 70 da 'yan kai. An kori tsuntsu don tsabta, ashe shi ne ke riƙe da linzamin gizaka. Garin gyaran gira aka nemi rasa ido.

Maganin da na sayo irin mai kashe kowane ƙwaro ne. Zai kashe gizakar da ya taɓa, ya kashe ƙudan zuma, ya kashe tsutsar monarch, ya kuma kashe wasu ƙudaje da 'yan uwan zanzaro waɗanda ke yin ƙwai a jikin gizaka su rage yawanta. Ko da na zaɓi maganin bakteriya da ake kira Bt, wanda ya fi sauƙin illa ga sauran ƙwari, shi ma ba ya tambayar tsutsa sunanta kafin ya kashe ta. Bayan haka tsuntsaye za su rasa abinci su ƙaura. Uwar gizaka kuwa fukafukai gare ta, za ta taso daga bishiyar maƙwabci baɗi ta yi ƙwai a lambun da babu sauran mai tsare shi.

Da a ce hujjar lissafi ce kaɗai, da na tsaya a nan. Amma na san zuciyata, kuma na san cewa ba lissafi ne ya kai ni kanti ba. Da niyyar kare yarinya kawai na fita, da almakashin yanke reshe ya ishe ni. Na sayi kwalbar ne don in ga gawa. Ina so wani abu ya biya kukan da na ji, kuma da yake wadda ta yi sanadin ba ta kai ta ɗauki nauyin fushina ba, sai na nemi in raba shi a kan lambun duka. Haushin kaza, huce kan dami.

Ina cikin wannan tunani hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ya faɗo mini. Ma'anarsa ita ce wani annabi daga cikin annabawa ya sauka a gindin bishiya, tururuwa ta cije shi, sai ya sa aka ƙone gidan tururuwar, Allah kuma ya yi masa wahayi yana tuhumarsa: saboda cizon guda ɗaya ya hallaka al'umma mai tasbihi, me ya hana ya tsaya a kan ɗayar? Na san wannan hadisi tun ina makarantar Islamiyya, na ɗauke shi labarin tausayin ƙwari. A daren ne na lura cewa magana ce a kan ma'auni. Ba a musa cewa an cije shi ba, ba a kuma ce cizon ba shi da zafi ba. Abin da aka tuhuma shi ne tazarar da ke tsakanin girman cuta da girman martani.

Addininmu bai ce mu miƙa wuya ga duk abin da ke cutarwa ba. An ba da izinin kashe kunama da ɓera da kare mai cizo da hankaka da shirwa har a cikin harami. Cewa ana kawar da cuta yana cikin manyan ƙa'idoji biyar na fiƙihu, kamar yadda malamai irin su Suyuɗi suka tsara. Amma malaman nan sun ɗaura wa ƙa'idar takunkumi: ba a kawar da cuta da wata cutar irinta, balle wadda ta fi ta, kuma abin da lalura ta halatta gwargwadon lalurar ake ɗauka. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Abin da na fahimta a matsayina na ɗalibi shi ne izinin da aka ba mu na tunkuɗe cuta ne, kuma yana ƙarewa inda cutar ta ƙare. Ramuwa kuwa tana buƙatar mai laifi, laifi yana buƙatar niyya da zaɓi, gizaka ba ta da ko ɗaya. Wanda ya rama a kanta, a kan wa ya rama? Idan aka bi maganar zuwa ƙarshenta, fushin nan yana nufar Wanda ya yi mata ƙaya ne, wa'iyazu billahi.

Da safe na faɗa wa uwargida cewa na fasa feshin, kuma ba ta karɓi maganar da sauƙi ba. Ta ce, "Abban yara, duk na ji. Amma ni na riƙe ta jiya tana karkarwa. Tsutsa dubu ba su kai mini farcen yarinyar nan ba." Na ce gaskiya ta faɗa, kuma har yanzu ina kan cewa gaskiya ta faɗa. Allah ya karrama ɗan Adam, kuma duk aƙidar son muhalli da za ta ɗora yaro da ƙwaro a sikeli ɗaya ta ɓata hanya. Da a ce zaɓin tsakanin lafiyar 'yata ne da rayuwar lambun, da na tumɓuke shi da hannuna kafin azahar. Sai ta ƙara wata maganar da ta fi ta farko nauyi. Ta ce, "To, ka yarda wa kanka, ka yarda wa 'yarka. 'Ya'yan mutane da ke zuwa mana ranar Lahadi fa, su wa ya tambaye su?"

Wannan tambaya ce ta gyara mini tunani, domin ta nuna cewa akwai kuskure a ɓangare na biyu ma. Mutum yana iya fakewa da tausayin halitta ya yi sakaci da haƙƙin mutane. Yana iya cewa Allah ne ya halicce ta, ya naɗe hannu, alhali shi ya shuka itacen kusa da lilo, shi ya gayyaci baƙi, shi ya san abin da ke kan ganyen kuma su ba su sani ba. Tun daga daren Asabar na daina zama jahili game da gizakar nan, kuma sani amana ne. Idan ɗan wani ya ƙone a lambuna bayan wannan rana, ba za a tambayi gizaka ba, ni za a tambaya. Ashe mai laifin da na nema na rasa a daren yana iya samuwa nan gaba, kuma ni ne.

Akwai wata hujja da nake so in yi taka-tsantsan da ita, ko da yake tana goyon bayana. Mutane sukan ce a bar halitta kaza domin tana da amfani. Gaskiya ne sau da yawa amfanin yana ɓoye. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi a ƙasar Hausa daga kwanson wasu tsutsotsi masu gashi yake fitowa, gashin nasu kuma yana sa ƙaiƙayi, sai an dafa kwanson da toka kafin a kaɗa zaren. Wanda ya fara ganinsu cunkushe a jikin bishiya ba zai ce rigar sarki za ta fito daga nan ba. Amma idan amfani ne kaɗai dalilin barin halitta ta rayu, to duk wadda ban gano amfaninta ba jininta ya halatta ke nan, kuma ilimina ya zama ma'aunin rayuwa da mutuwa. Wannan girman kai ne da ya yi shigar hikima. Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar mu. Al'umma ba sai ta yi mini aiki take cancantar zama ba. Gizakar nan tana cin ganyen oak a gaɓar tekun nan tun kafin a aza tubalin farko na Houston. Ni ne na zo na same ta.

Da na duba da kyau, sai na ga cewa son da nake yi wa halitta son zaɓe ne. Ina son mai launi, mai waƙa, mai kyau a hoto. Tsutsar monarch ma guba gare ta, tana tara ta daga ganyen da take ci don tsuntsu ya ji ɗaci ya ƙyale ta. Dabara ɗaya ce da ta gizaka, bambancin kawai shi ne gubar monarch ba ta shafe ni ba. Na kira ɗaya abin al'ajabi, na kira ɗaya annoba, kuma ma'aunin da na yi amfani da shi fatata ce. Ina tsoron cewa wanda ya saba auna halittu da wannan ma'auni ba zai tsaya a kan ƙwari ba. Zuciyar da ta koyi ƙone gida saboda cizo ɗaya, ita ce dai za ta yanke zumunci da dangi guda saboda kalmar mutum ɗaya, ta yi wa ƙabila guda hukunci da laifin ɗanta ɗaya. Lambu wuri ne mai arha na koyon wannan darasi. A wasu wuraren da jini ake biyan kuɗinsa.

Ga abin da muka yi a ƙarshe, ni da uwargida, bayan mun yi shawara. Na sa safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu, na bi itacen yaupon ganye bayan ganye. Na samu gizaka tara. Na kakkaɓe su da sanda cikin bokitin ruwan sabulu, suka mutu, kuma ban yi nadama ba, domin suna daidai tsayin kafaɗar yaro a wurin da yara ke wasa. Da sanyi ya shigo na tono itacen na mayar da shi can ƙarshen katanga, na sare rassan oak da suka sunkuyo kan lilo. Babbar bishiyar kuwa, da duk abin da ke samanta, na bar wa tsuntsaye. Na buga hoton gizakar na manna a ƙofar baya, kuma duk iyalin da suka zo mana a watannin da take fitowa, kafin yara su fita sai an nuna musu an ce: abin da ya yi kama da auduga ko gashin kyanwa a kan ganye, kallo kawai, ba taɓawa. Mun ajiye salatif a cikin akwatin magani. 'Yan uwa da ke zaune a jihohin kudu da gabashin Amurka, daga Texas zuwa Florida har Maryland, ina roƙonku ku nuna wa yaranku hotonta, ko kuna da lambu ko ba ku da shi, domin tana nan a itatuwan makarantu da wuraren shaƙatawa.

Ba zan ce wannan ya rufe ƙofar haɗari ba. A aikina mun san cewa babu tsarin da ke kai haɗari ga sifiri, sai dai a rage shi zuwa inda hankali zai karɓa, a kuma faɗi gaskiya game da abin da ya saura. Yana yiwuwa wata rana iska ta sake jefo wata daga sama. Idan hakan ta faru, na san fushin zai dawo, kwalbar kuma tana nan a kan kanta a gareji. Na bar ta a wurin da gangan, domin duk lokacin da na shiga ɗaukar wani abu nakan gan ta in tuna irin mutumin da na kusa zama a cikin dare ɗaya, da yadda na yi wa fushi laƙabi da kariya har na kusa yarda da kaina.

Bayan kwana biyu da faruwar abin, shatin da ke damtsen 'yata ya fara dushewa. Muna zaune a baranda ta tambaye ni, "Abba, ita tsutsar ta san ta ji mini ciwo?" Na ce mata a'a, ba ta sani ba, tsoro take ji kada a cinye ta, shi ya sa aka yi mata ƙaya. Ta yi shiru tana kallon bishiyar, sannan ta ce to ita dai ba za ta ƙara jingina da reshe ba sai ta duba. Ta sauka ta nufi wajen tsiron monarch, hannayenta biyu a bayanta, ta sunkuya tana ƙirgawa.

Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba mu ikon yin adalci a lokacin fushi da lokacin yarda, ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.